Rubutaccen Shiri: Abin da haɗa mujallar waƙa ya koya min

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan mako saboda waɗanda data ba ta isa su saurara ba, da kuma masu son karatu a natse.

Yau kan mujalla za mu yi magana. A zangon karatun da ya wuce an raba mu rukuni-rukuni a nan Kazaure, aka ce kowane rukuni ya tsara mujalla tun daga bango har bango. Mu biyar ne a namu, muka zaɓi waƙa da kiɗa, shafi 24. Da yawa in suka ji an ce tsara mujalla, abin da ke zuwa musu a rai shi ne CorelDraw da kaloli da hoton mawaƙi ya sha baƙin gilashi. To wannan yana ciki, amma shi ne na ƙarshe. Babban abin da aikin ya koya min shi ne amana: duk abin da ka buga a takarda, wani zai ɗauke shi a matsayin gaskiya, wataƙila bayan ba ka duniya. Bari mu bi abin daki-daki.

Na farko, sanin wa kake yi wa da abin da za ka bari

Shafi 24 ba ya ɗaukar komai da komai. Muhawarar farko da muka yi ita ce wa za a sa a ciki. Wasu suka ce a cika ta da taurarin da kowa ya sani, irin su Ali Jita da Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker. Sai aka tambaya: me za mu faɗa a kansu wanda ba ya cikin wayar kowa? Babu. Amma makaɗin gangar noma da ke wani ƙauye a Gwiwa, ko mai kalangun da ke yi wa mahauta kiɗa a Babura, ko matan da ke kiɗan ƙwarya a bukukuwan Roni, je ka nemi labarinsu a intanet ka gani. A nan muka tsaya.

Masarautar Kazaure ƙananan hukumomi huɗu ce: Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi. Babura kuwa tana ƙarƙashin masarautar Ringim, amma maƙwabta ne, biki da kasuwa suna haɗa mu. Sai muka ce iyakar mujallarmu ke nan. Rabi na makaɗan gargajiya, rabi na samarin da ke waƙa da fiyano a sitidiyo.

Wannan shi ne aikin edita, wato iya cewa a'a. Kuma ba mu ne farau ba. Mujallar Tauraruwa ta fito a Kano a 1998, mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta biyo baya a Maris na 1999. Abin da ya sa masu bincike ke neman tsofaffin kwafensu har yau shi ne sun rubuta abin da ke gabansu, a lokacin da wasu ke ganin bai kai a rubuta ba.

Na biyu, iya hira da manya

Makaɗi dattijo ba a zuwa masa da waya a hannu a ce, "Baba, gabatar da kanka." Ana neman wanda ya san shi ya yi maka iso, a durƙusa a gaisa, a tambayi iyali, a faɗi daga gidan wa aka fito. In yana da sarauta, da ita za ka kira shi, kamar Sarkin Kiɗa. Sannan ka nemi izini kafin ka kunna na'urar ɗaukar magana, ka faɗa masa inda maganar za ta je. In mace ce, 'yar'uwarmu da ke cikin rukunin ita ke shiga gida, da izinin maigidan.

Na kuma gane cewa gajeruwar tambaya ta fi fitar da doguwar amsa. "Wa ya koya maka?" "Da wace fata ake rufe wannan gangar?" "Wa zai gaje ka?" Wannan ta ƙarshen ita ce mai nauyi. Sau da yawa sai an yi ɗan shiru kafin amsa ta zo, saboda 'ya'yan sun kama wata sana'ar.

Bayan hira sai juya ta zuwa rubutu. Hirar awa ɗaya takan ci min kusan awa huɗu. Doka ɗaya muka kafa: ba a gyara wa mutum harshensa. In da karin harshen garinsu ya yi magana, haka za a rubuta.

Na uku, haruffa masu ƙugiya

Nan ne nake so matasa su buɗe kunne. Karanta wannan: "Ya bata waka." Me aka ce? Ya ba ta waƙa ne, ko ya ɓata waƙa? Ɗaya yabo ce, ɗaya zargi. A chatin kana iya wucewa da shi, amma in ya hau kanun labari a ƙarƙashin hoton mutum, ka jawo rigima. Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa, kara da ƙara. Kalmomin sana'ar kansu, waƙa da kiɗa da makaɗi, duk da ƙugiya suke.

Matsalar ita ce ba kowane zubin haruffa ne ke da ɓ da ɗ da ƙ ba. Irin masu kwalliyar nan da ake saukewa kyauta, yawancinsu don Turanci aka yi su. Ka rubuta "waƙa", sai ƙ ɗin ta fito da wani zubi daban, ko ta zama ɗan akwati. Shi ya sa kafin ka so wani zubi, fara gwada shi da ɓ, ɗ, ƙ da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ. Dangin Noto na Google suna da su, haka Charis da Andika, kuma duk kyauta ne.

Akwai kuma tsofaffin zubi biyu, Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, kuma sun yi wa rubutun Hausa hidima sosai a lokacinsu. In wani malami ya turo maka maƙala ka ga } a wurin ƙ, ko ] a wurin ɗ, ba shirme ya rubuta ba, da irin waɗancan ya buga, kwamfutarka ce ba ta da su. Sai ka bi ka mayar da kowanne harafin da ya dace.

Zubi biyu sun isa mujalla guda, ɗaya na kanu, ɗaya na gundarin labari. In suka kai biyar, ta koma katin gayyatar biki.

Na huɗu, yadda ake sa takarda ta yi sauti

Takarda ba ta da lasifika. To ya za a yi mai karatu ya ji waƙa? Waƙar baka tana da tsarinta, kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yi bayaninsa a littattafansa. Akwai gindin waƙa da ake maimaitawa, akwai ɗiyan waƙa, akwai jagora, akwai 'yan amshi. In ka zuba su duka a dunƙule kamar labarin jarida, ka kashe waƙar. Mu gindin muka yi wa haruffa masu kauri, layin jagora ya fara daga gefe, na 'yan amshi ya ɗan shiga ciki. Ido na gani, kunne na tunawa.

Sai sunayen kayan kiɗa. Ba kowane abin bugawa ne ganga ba, ba kowane mai tsirkiya ne garaya ba. Mamman Shata da kalangu aka san shi, Musa Ɗanƙwairo da kotso, Ɗanmaraya Jos da kuntigi, Haruna Uji na Haɗeja da gurmi, Barmani Choge da ƙwarya. In ka sa hoton gurmi ka rubuta garaya a ƙasa, wani ɗalibin zai kwafa a furojet ɗinsa, na bayansa ya kwafa daga gare shi, shi ke nan ƙarya ta yi rassa. Saboda haka duk bayanin hoto sai mun karanta wa mai kayan ta waya ya ce e, haka ne.

Kuma kar ka ji tsoron fili. Shafin da aka cika maƙil kamar motar kasuwa gajiyar da ido yake. Mun raba kowane shafi gida uku a tsaye, komai ya zauna a kan wannan layin. Hoto babba guda ɗaya ya fi ƙanana shida.

Na biyar, lissafin maɗaba'a

Wannan ɓangaren shi ke cinye kuɗin mutane. Mujallar da ake naɗewa a maƙale ta da fin a tsakiya, dole yawan shafukanta ya rabu da 4, domin takardar A3 guda in an naɗe ta shafi huɗu na A4 take bayarwa. Shafi 24 takarda 6 ke nan. In kwafi 100 kake so, takarda 600. Ba a yin shafi 22 ko 26. Ko dai ka rage zuwa 20, ko ka cika 24, ko ka kai 28. Kuma shafi na 1 da na 24 a fuska ɗaya ta takarda ɗaya suke zama. Shi ya sa tun kafin a kunna kwamfuta ake naɗe fararen takardu, a rubuta wa kowane shafi abin da zai ɗauka.

Hoto kuma yana son ɗigo 300 a kowane inci. Hoton da zai cika bangon A4 yana bukatar kusan 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. WhatsApp yana matse hoto, a waya ka gan shi tas, a takarda ya fito dishi-dishi. A ce wa mai turowa ya turo shi a matsayin dokumen.

Sai kala. Fuskar waya da haske take haɗa kala, ja da kore da shuɗi. Injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, abin da masu firintin ke kira CMYK. Shuɗin nan mai ƙyalli da kake gani a kwamfuta, a takarda sai ya dushe. Tun farko ka saita aikin a kan na tawada. Hoton da zai kai bakin takarda a bar masa rarar milimita 3 ta kowane gefe, saboda wuƙar yanka ba ta bin layi cif. In an gama a fitar da shi PDF tare da haruffan a ciki, don kar a buɗe a Kano ƙugiyoyin su zube. Kuma kar ka yarda a buga ɗari sai ka riƙe kwafi ɗaya a hannu, ka karanta shi da biro. Wanda bai rubuta labarin ba shi ya fi ganin kuskuren da ke ciki.

Na shida, haƙƙin mai abu

Hoton da ke Facebook yana da mai shi. Baitin waƙa yana da mai shi. Najeriya tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, da hukumar da ke kula da ita. Amma ko ba doka, ai akwai kunya. Mutum ya ba ka lokacinsa da tarihin gidansu kyauta, mafi ƙarancin abin da za ka yi shi ne ka rubuta sunansa daidai, ka sa sunan wanda ya ɗauki hoto, in mujalla ta fito ka hau mota ka kai masa kwafinsa har gida. In da abin da ya ce kar a buga, ko da shi ne ya fi daɗi a hirar, a bar shi.

To me ya sa duk wannan wahala a kan aikin makaranta?

Dalili biyu. Na farko na aljihu ne. Duk wanda ya iya waɗannan abubuwa ya iya kalanda, ya iya littafin taro, ya iya bangon littafi da mujallar yaye ɗalibai. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura da aka kafa a 2021, ga makarantun sakandare da Islamiyyu, kowace shekara suna da abin bugawa. Mai iya rubuta Hausa da ƙugiyarta, ya kuma san lissafin takarda, ba zai rasa mai nemansa ba.

Na biyu ya fi wannan girma. Shata ya rasu a 1999, littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, ya fito a 2006, domin an sami mutanen da suka bi sawunsa gari-gari suna tambaya. Shata ke nan fa, wanda duniya ta sani. Makaɗin ƙauyenku ba wanda zai zo daga wani wuri ya rubuta shi. In ya tafi, ya tafi da sunayen waɗanda suka koya masa, da take-taken gidajen garin, da yadda ake ɗaure gangar. Shafi biyun da ka yi masa wataƙila su ne kaɗai abin da jikokinsa za su samu. Ka ga kuwa bai kamata a sami kuskure a ciki ba.

Don haka in kana da waya mai ɗaukar magana, kuma akwai dattijon makaɗi a unguwarku, ba sai an ba ka aikin makaranta ba. Nemi mai yi maka iso, ka je ka gaishe shi a wannan makon. Shafi huɗu ma mujalla ce, takarda ɗaya ce a naɗe.

A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake saita allon rubutun Hausa a waya da kwamfuta, don ƙugiyoyin nan su daina ba mu wahala.