Likita Arthur MacCallan da Rabe-Raben Ciwon Amodari a Ƙasar Masar

1.0 Gabatarwa

Cutar da likitocin Turai ke kira tirakoma, wadda ma'aikatan lafiya a ƙasar Hausa ke kira amodari, tana cikin cututtukan ido mafi daɗewa a tarihin ɗan Adam. Sunan nata na Turai ya samo asali ne daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar kaushi, saboda yadda cikin fatar ido ke yin kaushi idan cutar ta kama shi. Larabawa kuwa suna ce mata ramad hubaibi, wato ciwon ido mai 'yan ƙwayoyi. Kowane suna ya kama sifa guda ne ya bar saura, ga shi kuwa cuta ce mai canza kama a tsawon shekaru. Wannan maƙala za ta dubi rayuwar Arthur Ferguson MacCallan, likitan idon da ya yi shekara 20 a Masar, tare da mai da hankali a kan rabe-raben da ya yi wa cutar, domin da su ne likitocin duniya suka riƙa fahimtar juna har fiye da rabin ƙarni.

2.0 Masar da ciwon ido

Tun zamanin Fir'aunoni rubuce-rubucen magani na Masar suke ambaton ciwon ido da gashin ido mai juyawa ciki. Turawa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba sai da ya shigo musu gida. Sojojin Faransa da Napoliyon ya kai Masar a 1798, da na Ingila da suka bi sawunsu, sun koma ƙasashensu da ciwon, aka laƙaba masa suna ciwon idon Masar. Yawan sojojin da suka makance na cikin dalilan da suka sa aka buɗe asibitin ido a Landan a 1805, wanda daga baya aka san shi da Moorfields.

A wannan asibitin ne MacCallan ya ƙware. An haife shi a Ingila a 1872, ya yi karatu a Jami'ar Kambirij da asibitin St Mary's na Landan, sannan ya yi aiki a Moorfields. A 1903 wani attajiri mai suna Ernest Cassel, wanda ya samar da kuɗin gina madatsar ruwa ta Aswan, ya ba da kimanin fam 40,000 domin a horar da likitocin Masar aikin ido. Abin lura a nan shi ne, Ingila ta riƙe ragamar Masar tun 1882, amma sai da kuɗi suka fito daga aljihun mutum ɗaya kafin a tunkari cutar da ta game ƙasar. MacCallan aka zaɓa ya jagoranci aikin, yana da shekara 30 da 'yan watanni.

3.0 Asibitin tanti

Da ya isa, ya tarar da cewa masu ciwon suna ƙauyuka, 'yan likitocin idon da ake da su kuwa suna Alƙahira da Iskandariyya. Manomin da ke nesa da birni ba zai bar gonarsa ya yi doguwar tafiya saboda ƙaiƙayin ido ba, musamman da yake kowa a ƙauyensu yana da shi. Don haka sai MacCallan ya kafa asibitin tafi-da-gidanka na tantuna, ya fara da garin Manuf a farkon 1904. Akan kafa tantunan a wuri guda a yi watanni ana duba marasa lafiya kyauta, ana yi musu tiyata, sannan a naɗe a yi gaba. A cikin tantunan nan ne kuma matasan likitocin Masar suke koyon aiki da hannunsu.

Daga baya aka soma gina asibitoci na dindindin a manyan garuruwan larduna, aka kuma shigar da duba idon yara cikin makarantun gwamnati. Kafin ya bar ƙasar, asibitocin ido na tanti da na gini sun haura 20. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an karkatar da su na ɗan lokaci zuwa jinyar sojojin da suka ji rauni.

Magungunan wancan zamani masu zafi ne ainun. Akan juya fatar ido a matse ƙurajen, ko a kankare su, sannan a goga wani shuɗin gishiri na tagulla, a yi ta maimaitawa har watanni. Wanda gashin idonsa ya riga ya juya ciki kuwa sai tiyata, a tsaga fatar idon a mai da bakinta waje. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke kashe ƙwayar cutar kai tsaye, domin a lokacin ba a ma tabbatar da ita ba. A 1907 ne Halberstaedter da Prowazek suka hango alamunta a cikin ƙwayoyin halittar ido a tsibirin Jaba, kuma sai a 1957 Tang Feifan da abokan aikinsa a Sin suka ba da sanarwar sun raine ta a cikin ƙwan kaza. MacCallan ya rasu shekara 2 kafin wannan sanarwa.

4.0 Matakai huɗu

Matsalar da ta fi damun masu binciken cutar a farkon ƙarni na 20 ita ce rashin daidaituwar ma'ana. Likita a Jamus zai rubuta cewa ya ga masu tirakoma kaza, wani a Rasha ya rubuta nasa adadin, alhali abin da kowannensu ke nufi da kalmar daban ne. Wani yana nufin ido mai ƙuraje, wani yana nufin ido mai tabo, wani kuma ya haɗa har da jan ido na 'yan kwanaki. Ƙididdigar da aka gina a kan irin wannan ba ta kwatantuwa, kuma ba yadda za a yi a san ko magani ya yi aiki.

A 1908 MacCallan ya fito da tsarinsa, ya kuma faɗaɗa bayaninsa a littafin da ya wallafa a 1913. Ya kasa cutar mataki huɗu bisa abin da ido ke gani idan an juya fatar ido ta sama. A mataki na 1 ana ganin 'yan ƙuraje ƙanana kamar kan allura, galibi a idon yara, sau da yawa ba tare da wani ciwo ba. A mataki na 2 cutar ta kankama, ƙurajen sun girma sun yi laushi, ko kuma fatar ta kumbura ta yi kaushi. Wannan matakin ya sake rarraba shi gida-gida. A mataki na 3 tabo ya fara bayyana alhali ƙurajen ba su ƙare ba. A mataki na 4 ƙurajen sun tafi, tabo kaɗai ya rage.

Hikimar tsarin ita ce ya ɗauki abubuwan da ake gani kamar cututtuka daban-daban ya jera su a kan layin lokaci guda. Yaron da ke wasa da 'yar kwantsa a ido da tsohuwar da ke tsige gashin idonta da matsefata, cuta ɗaya ce ke damunsu, shekaru ne kawai suka raba su. Tabon da ke cikin fatar ido shi ke tsukewa ya jawo bakinta ciki, gashin ya riƙa gogar baƙin ido a kowace ƙiftawa, har hakiya ta rufe shi. Mai nazarin Hausa zai lura cewa kwantsa da amodari da hakiya kalmomi ne uku masu zaman kansu, kuma babu abin da ke cikin harshen da ke nuna cewa ɗaya na iya zama mafarin ɗaya. Haka abin yake a harsuna da dama, shi ya sa akan makara wajen neman magani.

Akwai wani bambanci da ya nace a kansa. Ya nuna cewa makantar da ta yi yawa a Masar ba ta amodari kaɗai ba ce. Kowace shekara idan zafi ya shigo, ƙudaje suka yawaita, sai annobar jan ido mai ruwan mugunya ta ɓarke, wadda wasu ƙwayoyin cuta dabam ke haddasawa, ciki har da wadda Robert Koch ya gani a Masar a 1883 da kuma ƙwayar ciwon sanyi. Irin wannan kan huda baƙin ido cikin kwanaki kaɗan, amodari kuwa sai ya yi shekaru yana ɓarna a hankali. Raba su biyun ya sa aka san wanda ke bukatar gaggawa.

5.0 Bayan Masar

Bayan da Masar ta sami 'yancin kai na 1922, jami'an Ingila suka soma barin muƙamansu, MacCallan ma ya koma gida, ya bar asibitocin a hannun likitocin Masar da ya horar. Ya ci gaba da aikin ido a asibitin Westminster na Landan, ya wallafa wani littafin a kan cutar a 1936, ya kuma shugabanci ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta yaƙi da ita. Ɗakin binciken cututtukan ido na Giza, wanda ya yi fafutukar kafawa, an gina shi ne don tunawa da leburori da masu raƙuma 'yan Masar da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya rasu a 1955.

Tsarin nasa bai rasa rauni ba. Ya ɗauka cewa cutar tana tafiya ne a miƙe daga mataki zuwa mataki, alhali bincike na baya ya nuna cewa sake kamuwa da ita sau da yawa tun yarinta shi ne ke kawo tabo mai makantarwa, don haka ido ɗaya kan nuna alamun matakai biyu a lokaci guda. Haka kuma matakan ba su faɗin tsananin kumburi, wanda shi ne ke nuna wanda ke cikin haɗarin makanta, kuma sai ƙwararren likita ke iya aiki da su. A 1987 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da sauƙaƙan tsari mai alamu 5, wanda ma'aikacin lafiya na karkara zai iya amfani da shi da tocila da tabarau mai ƙara girma. Da wannan sabon tsari aka yi ƙidayar masu amodari a jihohin arewacin Nijeriya da kuma Nijar, kuma da ma'auninsa aka tabbatar a 2018 cewa Gana ta kawar da cutar daga cikin matsalolin lafiyar al'ummarta.