Dalma, jini da maganaɗisu: Ilimin da ya ceci yaran Zamfara

Duk wanda ya taɓa zama wurin masu wankin zinare, ko gaban dillalan da ke sayensa a Gusau, ya san amfanin maganaɗisu. Ana ratsa shi kan garin da aka wanke, sai baƙin yashi ya maƙale masa, zinaren ya zauna a ƙasan kwano. Hausawa kan kira shi mayen ƙarfe, amma maitarsa ba ta kama kowane ƙarfe ba. Zinare ba ya amsa kiransa, haka ma dalma. A jikin baligi akwai ƙarfe kimanin giram uku zuwa huɗu, mafi yawansa a cikin jini, amma ba a taɓa ganin maganaɗisu ya liƙe wa hannun kowa ba.

Dalilin haka shi ne ƙarfen da ke jini ba dunƙule yake irin na maƙera ba. Ƙwayar zarra ce guda ɗaya, wadda wani sinadari ya kewaye ya riƙe, kamar yadda zobe ke riƙe dutsensa. Masana kemistiri na da fanni guda a kan irin wannan riƙo. Wanda ya aza harsashinsa shi ne Alfred Werner na Jami'ar Zurik a Suwizalan, a 1893, kuma ya samu kyautar Nobel a kansa a 1913. Abin da ya nuna shi ne, launin ƙarfe da dafinsa da amfaninsa duk suna sauyawa gwargwadon abin da ke riƙe da shi da yadda aka jera masu riƙon.

Zamfara ta san wannan darasi da tsada. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta lura da mace-macen ƙananan yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Duwatsun da ake haƙowa don zinare cike suke da dalma, ana niƙa su a injin hatsi, ana daka su a turmi cikin gida, yara na rarrafe cikin ƙurar. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta shiga a ƙauyuka biyu ya gano yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a shekara guda. An ƙiyasta jimillar yaran da suka rasu a sama da 400. Dareta, 'Yargalma, Abare da Bagega sun zama sunayen da duniya ta sani.

Ɓarnar dalma ɓarna ce ta sojan gona. Jiki na da wasu sinadarai masu riƙe zinki da kalsiyam don su yi aikinsu. Sai dalma ta zo ta zauna a mazauninsu, aikin ya tsaya. Cikin waɗanda take gurguntawa har da waɗanda ke haɗa zoben da ƙarfen jini ke zama a ciki, shi ya sa yaron da ya sha gubar kan yi ƙarancin jini, baya ga illar da take wa ƙwaƙwalwa, wadda ke kai ga jijjiga da mutuwa.

Maganin da aka ba dubban yara, DMSA, ya fito ne daga wannan fanni na Werner. Dalma na da son ƙibiritu. Ko a ƙasa tare da shi aka fi samunta. Shi kuwa maganin na ɗauke da ƙwayoyin ƙibiritu biyu, sai ya cafke dalmar ya fita da ita ta fitsari. Sunan da masana suka ba wannan cafka an aro shi ne daga kalmar Girkanci mai nufin hannun ƙaguwa. Sai dai likitocin sun sha nanata cewa magani ba ya amfani ga yaron da zai koma gidan da ƙasarsa ke da guba, shi ya sa yaran Bagega suka jira har 2013, lokacin da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin.

To ina maganaɗisu ya shigo? A kowace ƙwayar zarra akwai ilektiron, kuma kowane ɗayansu tamkar ƙaramin maganaɗisu ne. Idan suka zauna bibbiyu, ɗaya na kashe ƙarfin ɗaya. Waɗanda suka rasa abokin zama su ne ke amsa kiran maganaɗisu. Saboda haka idan masani ya auna yadda sinadari ke karkata ga maganaɗisu, zai iya ƙirga marasa abokin zaman, daga nan ya gane yadda aka riƙe ƙarfen ba tare da ya gan shi ba.

A 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka auna jini ta wannan hanya a Amurka. Suka tarar jinin da ke ɗauke da iskar oksijin ba ya karkata ga maganaɗisu, wanda ya sauke ta kuwa yana ɗan karkata. Fiye da shekara hamsin wannan ya zauna a matsayin abin sha'awar malamai kawai, sai a 1990 Seiji Ogawa ya nuna ana iya amfani da bambancin a na'urar MRI don ganin sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki. Ruwan da akan yi wa wasu majinyata allurarsa kafin hoton MRI shi ma ɗan gidan ne: ƙarfen gadoliniyam ne mai ilektiron bakwai marasa abokin zama. Shi kaɗai guba ne, amma an ɗaure shi cikin sinadarin da ba ya sakinsa har ƙoda ta fitar da shi. Ko ƙwayar cutar maleriya, idan ta ci jini, takan bar wani baƙin saura mai karkata ga maganaɗisu, kuma an ƙera na'urorin gwaji da ke farautar wannan saura.

Can ƙololuwar fannin akwai burin mayar da ƙwayar sinadari guda ta zama maganaɗisu mai riƙe bayani, yadda za a adana tarin bayanan kwamfuta a ɗan mitsitsin wuri. A 1980 Tadeusz Lis na Folan ya haɗa wani sinadari mai ƙwayoyin manganis 12. A 1993 Roberta Sessoli da Dante Gatteschi na Fulorens a Italiya, da abokan aikinsu, suka nuna yana riƙe maganaɗisunsa, amma sai a sanyin kusan digiri 270 ƙasa da sifili. A 2017 masana a Jami'ar Manchesta suka kai digiri 213 ƙasa da sifili da ƙarfen disfurosiyam, a 2018 wata tawagar ta kai 193. Har yau babu wayar da ke aiki da shi, kuma wanda ya ce maka gobe ne, ya yi gaggawa.

Na'urorin irin wannan bincike sun fi ƙarfin aljihun yawancin jami'o'inmu. Amma ɗaliban kemistiri a Kano da Zariya da Sakkwato sun daɗe suna haɗa sinadarai masu riƙe tagulla da nikel da kobalt, suna auna maganaɗisunsu da ƙaramin ma'auni na kan tebur, sannan su gwada ko suna kashe ƙwayoyin cuta. Aiki ne mai kyau, ko da yake sau da yawa yakan ƙare a kundin digiri. A ganina, Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013 kuma take Sabon Gida a yankin Bunguɗu, tana da tambayoyin da suka fi waɗannan kusa da ƙofarta: wane sinadari mai araha zai kama dalma a ruwan rijiya? A wane yanayi dalmar ke narkewa daga tulin dutsen da aka niƙa ta bi ruwan damina? Kwalejin kimiyyar lafiya da ke Tsafe kuwa tana yaye ma'aikatan da su ne za su fara ganin yaro mai jijjiga a asibitin ƙauye, kuma su ne za su yanke ko maleriya ce ko a nemi gwajin dalma.

MSF ta miƙa aikin dalmar ga hukumomin jihar a 2022. A watan Disamba na 2024 Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sanya wa Zamfara tun Afrilun 2019, kuma dutsen da za a haƙo shi ne dai wanda aka niƙa a Dareta.