Roba da leda: amfaninsu da inda ya kamata a lura

Ƴan uwa manoma da makiyaya, ku dubi bakin rijiya. A da, wasaki na fata ne, igiya ta kaba ce ko ta rama. Yau guga na robar taya ne, igiya ta nailan, ruwa kuma a bido. Daga ina waɗannan kaya suke?

Roba iri 2 ce. Akwai ta icce. Ana tsaga bawon iccen, farin ruwa ya tsiyaye kamar nono, a tara shi. Asalin iccen ƙasar Barazil ne, amma ana nomansa a Kwaddibuwa da Laberiya da kudancin Najeriya. Ba ya yi a ƙasarmu, don yana son ruwan sama da yawa. A masana'anta ana dafa ruwan da farar wuta, sai ya yi ƙarfi, rana ba ta sa shi yauƙi. Ɗaya robar kuwa, da leda da bido da nailan, daga man fetur ake yin su. An fara haɗa nailan a Amurka a 1935.

Igiyar nailan ba ta ruɓewa a ruwa, gara ba ta cin ta. Amma rana tana cinye ƙarfinta, don haka a aje ta a inuwa. In an yanke ta, a ƙona bakin kaɗan kada ta warware. Tufafin nailan suna bushewa da sauri, amma ba su shan zufa kamar auduga. In wuta ta kama su, narkewa suke yi su manne a fata. Kada mace ta sa su wajen girki.

Ga mai wake, leda ta yi rana. Tun 2007 aka fara yaɗa buhu mai riɓi 3: leda 2 masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe sarai. A zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwari sai su rasa iska su mutu, ba tare da an sa magani ba. Amma huda ɗaya ta ɓata aikin. A duba ledar kafin a zuba, a nisanta buhun da ɓera.

Baƙar leda ta kasuwa ita ce matsala. Akuya da saniya suna haɗiye ta don ƙanshin gishiri ko abinci. Tumbi ba ya narkar da ita. Sai ta dunƙule, bisa ta daina ci, ta rame, ciki ya kumbura. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa in sun farke. Nijar ta yi dokar hana irin wannan leda a 2014, amma ga ta nan a kan kowace ƙaya. A tsince ta daga garke da bakin rijiya.

Bidon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari kuwa, kada a zuba masa ruwan sha ko nono ko mai. Roba tana shan maganin, wanki ba ya fid da shi. A huda shi, a tambayi malamin gona inda za a kai shi.