Wanda Ya Rufe Ƙofar Akurki

A ƙauyukan Tasawa da Mayahi, daga Maijirgi zuwa Korgom, daga Kanambakashe zuwa Sarkin Hausa, da wuya ka yi sallama a gida ba ka tarar da kaza tana tono a gindin rumbu ba. Kowa na da ita, kuma ba dabbar da aka raina kamarta. Mai shanu ya san halin kowace saniya, mai akuya ya san watan da za ta haihu, ita kuwa kaza ba a tuna da ita sai yaro ya kwanta zazzaɓi, ko baƙo ya sauka, ko ranar zubi ta matso. Galibi dukiyar mata ce, kuma tun da ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, zakaru da yawa sun tafi kasuwa don kada uwargida ta ji kunya a gaban 'yan ƙungiya. Dabbar da ke rufa asiri haka ta cancanci a tsare ta. Sai dai duk wanda ya rufe ƙofar akurki ya ɗauki bashi, domin abin da fili yake ba kaza kyauta ya koma wuyansa.

Kafin a san girman bashin sai an san kazar. Asalinta tsuntsuwar daji ce ta kudu maso gabashin Asiya, kuma dubban shekarun zama da mutum ba su raba ta da halin dajin ba. Yawancin wuninta a tono da tsattsaga yake ƙarewa. Mu mun mai da abin zargi, muna cewa garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta, alhali tonon shi ne sana'arta: a nan take samun gara da tsutsa da ɗanyen haki, a nan take tsintar 'yan tsakuwar da ƙundunta ke niƙa hatsi da su, tunda ba ta da haƙori. Wankanta ma na ƙasa ne. Da hantsi za ka gan ta ta tona ɗan gurbi a inuwa, ta kishingiɗa, tana watsa rairayi cikin fiffike da ƙafa ɗaya, idanu a lumshe, sannan ta miƙe ta girgije ƙura ta tashi. Da haka take rage kwarkwata da maiƙon gashi. Da rana tana gani sosai, kukan da take yi idan inuwar shirwa ta gifta dabam yake da wanda take yi idan ta hango kare, kuma 'yan tsaki sun san bambancin, shi ya sa wani lokaci suke lafewa a ƙasa, wani lokaci su watse. Da duhu kuwa kusan makauniya ce. An ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami, amma ko ta sani ba za ta ga tsabar ba. Abin da take nema da almuru shi ne wuri mai tudu da za ta ɗare, inda muzuru da tunku ba za su same ta a ƙasa ba.

Masu cewa a bar kaza ta yi yawonta suna da hujja mai ƙarfi: kiwon sake ba ya cin ko dala. Amma a duba lissafin. Kazar Hausa tana yin ƙwai goma zuwa sha biyu, ta kwanta kwana 21, ta fito da takwas ko tara, kuma tana maimaita haka kamar sau uku a shekara. Binciken da aka yi a ƙauyukan Afirka da dama ya nuna kusan rabin 'yan tsakin ba sa wuce wata biyu. Shirwa ta ɗauka, hankaka ya ɗauka, raɓar safiya ta jiƙa wasu, wani ya faɗa kwatami, wani jaki ya taka. Kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa, gaskiya ne, amma tsoronta da buɗe fiffikenta ba sa kare tara a lokaci guda. Muna yawan jawo maganar zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, mu manta da 'yan'uwansa da muzurun da shahon suka cinye. Ga kuma matsin ƙasa. A wannan yanki gonaki sun zo har gindin danga, kuma kazar da ta tone shukar maƙwabci ranar da aka binne iri tana iya jawo maganar da sai an je gaban mai gari.

To, a killace. Amma a nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Hadisin nan da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba, ya shafi duk mai akurki kai tsaye. Babbar kaza a tsare tana bukatar abin da ya kusa giram 100 na abinci kullum. Kaji goma ke nan za su ci kusan kilo guda, wato tiyar hatsi ba za ta kai su kwana uku ba. A watan bakwai da na takwas, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ana auna fura da ludayi, wace uwa ce za ta ɗebi rabon 'ya'yanta ta watsa wa kaji? Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma ba na ganin daidai ne a ce wa talaka ya rufe garkensa dare da rana shekara zagaye. Abin da hankali ya ɗauka shi ne a tsare inda asara ta fi yawa. Uwa da 'yan tsakinta su zauna a keji ko ƙaramin shinge na kara mai rufi sati shida na farko, lokacin da cikinsu ƙarami ne kuma tafin hannu na tsaki ya ishe su. Kowa ya kwana a rufe. A tsare manya makonnin shuka, a sake su da yamma idan hatsi ya tasa. Abincin ma ba dole ya fito daga rumbu ba. Akwai dusar da ta rage a turmi, da garin ƙuliƙuli a ƙasar da ta san gyaɗa, da ganyen zogale, da ɓawon ƙwai da aka ƙona aka daka. Gara kuma ana iya kiwonta: a cusa karmami da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta a kan hanyar gara da yamma, da safe a juye wa 'yan tsaki.

Ginin akurkin kansa yana kashe kaji fiye da yadda ake zato. Zafin jikin kaza ya kai digiri 41, kuma ba ta yin gumi. Idan ta ji zafi sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fikafikai. A bazara, lokacin da zafin Tasawa ke haura digiri 40, ɗan akurkin laka mai ƙofa ɗaya da rufin kwano tanda ne. A yi shi a ƙarƙashin bedi, ko gawo wanda ke riƙe ganyensa da rani, a bar kafofin iska da ɓera ba zai ratsa ba, a gicciya sandar kwana, a ajiye kaskon ruwa a inuwa, ko da ƙadangare zai sha albarkacinta. A tanadi kusurwar rairayi da toka don wanka. Tsagar bango kuwa maɓoyar kaskar kaji ce, wadda ke fitowa da dare ta sha jini ta koma, mai kaji yana mamakin ramar garkensa, don haka yaɓe da shara ba ado ba ne. Sarari ma bukata ce. Tun shekarun 1920 wani masani ɗan ƙasar Norwe ya bayyana yadda kaji ke da manya da ƙanana a tsakaninsu, kowace ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa. A fili ta ƙasa tana da wurin gudu. A matsi sai a tsige ta har jini, shi ya sa kasko biyu a nesa da juna ya fi babban kasko ɗaya.

Wasu za su ce tara kaji wuri guda gayyatar annoba ne. Da gaskiyarsu idan shinge kaɗai aka dogara da shi. Cutar Niyukasil, wadda aka fara ganewa a 1926, tana zuwa da iskar hunturu, kashi ya koma kore, wuya ya murɗe, cikin mako guda unguwa ta yi tsit ba cara. Ba ta da magani, kuma barkono da kafso da ake zubawa a ruwa ba sa tsayar da ita. Rigakafi ke tsayar da ita. Akwai na allura, akwai kuma I-2 da aka samar a Ostareliya, mai jure zafi, wanda ɗigo ɗaya ne a ido duk wata huɗu. A nemi ma'aikatan kiwo da kaka, kafin sanyi ya sauko, domin kariyar tana ɗaukar kamar sati biyu kafin ta kama. Sau da yawa cutar a hannu ake shigo da ita, cikin kazar da aka saya da araha a kasuwa don mai ita ya ga ta fara rurrufe ido. Baƙuwar kaza ta yi sati biyu a ware. Wanda ya tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magariya a 2006 ya san hanyar kasuwa ba ta san iyaka ba.

Saura batun sabo. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma mutane na fakewa da wannan su ce wahalar banza ce lallashin abin da ƙarshensa tukunya. Ni a ganina karin maganar bai hana sabon ba. Kaza tana gane fuskar mai ba ta abinci, tana kuma riƙe lokaci. Matar da ke tsugunawa kullum da hantsi, ta yi kira iri ɗaya, ta buɗe tafin hannu da tsaki, ba da daɗewa ba 'yan tsaki za su riƙa hawa yatsunta. Amfanin haka a bayyane yake. Ita ce za ta fara lura da wadda ta tsaya gefe ta saki fiffike. Ranar rigakafi ba sai an tara yara sun bi kaji da gudu har cikin dangar maƙwabta ba, za a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya da asuba daga kan sanda, hannu biyu a kan fikafikai. Kazar da ba ta firgita ba ta fi zama a kan ƙwai, har da na zabi da ake sa mata, waɗanda ke ɗaukar kusan kwana 28. Ranar yankan ma, addini ya yi umarni a kyautata, a wasa wuƙa, a hutar da dabba, kuma wadda ta saba da hannu ba a kai ta wurin tana haki da karyayyen fiffike.