Rediyon Mota Ya Ɗauke: A Buɗe Dashbod Kafin A Fara Rantsuwa

Motar hayar da ta taso daga Zuru za ta Rijau ko Kontagora, sau da yawa mutanen Dirin Daji kan ji ta kafin su gan ta. Direba ya ƙure murya, ko waƙa ko wa'azi ko labarai, sifikun baya suna girgiza gilashi. Ga mai yini a kan hanya mai ramuka, rediyo abokin hira ne kuma maganin gyangyaɗi, shi ya sa sana'ar sayar da shi da ɗaura shi ta samu gindin zama a ƙasar Zuru, daga Sakaba har Fakai da Danko-Wasagu. Yanzu har a jikin babur za ka ga an ɗaura ɗan akwati mai cin memori.

Sai dai sana'a ce mai yawan rigima, kuma tun daga hanyar da kayan ke biyowa rigimar take samo asali. Mafi yawansu daga ƙasar Sin suke fitowa, su sauka Legas, su bi ta kasuwar Alaba ko Onitsha ko Sabon Gari a Kano, su ratsa hannun 'yan sari biyu ko uku kafin su iso shagon bakin tasha. Wasu kuma na hannu ne, an ciro su daga tsofaffin motocin Turai da Amurka. Kafin kaya ya iso nan, takardar garantin kamfani, in ma akwai ta tun farko, ta daina amfani. Ranar da rediyo ya ɗauke babu kamfanin Pioneer ko Kenwood a wurin. Mutum biyu ne ke fuskantar juna, mai mota da mai shago.

"Oga, kayan banza ka sayar mini. Ko sati bai yi ba."

"Haba Alhaji, lafiya lau ya bar nan, a gabanka aka kunna. Kai dai ka ƙona shi."

Daga nan sai rantsuwa, sai 'yan kallo, sai a shiga tonon silili. Duk wannan ana yin sa ba wanda ya kwance kusa ko ɗaya ya leƙa bayan rediyon, alhali amsar tana can.

Bayan kowane rediyon mota akwai wayoyin wuta guda uku da ya kamata mai mota ya san su ko da bai iya riƙe sukundireba ba. Rawaya tana zuwa batir kai tsaye, aikinta ta riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye. Ja tana bi ta makunnin mota, sai an murɗa makulli take samun wuta. Baƙa ita ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. Yaron shago mai gaggawa, ko wanda ya rasa wayar makulli, yakan murɗe ja da rawaya wuri guda ya kai su batir. Rediyo zai yi aiki, kowa ya yi murna, a biya kuɗi. Amma daga ranar, ko an kashe mota rediyon bai kwanta ba, yana tsotsar batir a hankali. Bayan kwana biyu mota ta kwana ta ƙi tashi, mai ita ya fara zagin mai batir ko ya ce rediyon ne mai cin wuta. A yanayin da hanyoyinmu suke ciki a 'yan shekarun nan, mutuwar batir a tsakiyar daji ba abin wasa ba ce. Kuma laifin ba na rediyo ba ne, na hannun da ya haɗa shi ne.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne rashin fis. Duk wanda aka sa wa amfilifaya da babbar sifika a but, an ja masa waya mai kauri daga batir har bayan mota. Dole ne a sa wa wannan waya fis ɗinta a kusa da kan batir, kamar kamu ɗaya. Dole ne kuma inda ta ratsa ƙarfen da ke tsakanin inji da mazaunin direba a sa mata roba. In ba a yi ba, girgizar hanya za ta yi ta goga wayar a bakin ƙarfe har fatarta ta yanke, kuma ranar da tagulla ta taɓa ƙarfe babu abin da zai katse wutar. Haka motoci ke kamawa da wuta ana cikin tafiya. Ɗabi'ar nan ta cusa guntun waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fis da ya ƙone, ita ma hanyar gobarar ce. Fis ba ya ƙonewa haka kawai. In ya ƙone, a nemo abin da ya ƙona shi.

Masu Kanta da manyan motocin dakon hatsi suna da tasu matsalar daban. Da yawansu wutar bolt 24 suke amfani da ita, rediyon ƙaramar mota kuwa na bolt 12 ne. In aka jona shi kai tsaye ba tare da na'urar rage wuta ba, hayaƙi ne zai biyo baya. Mai shagon da bai tambayi irin motar ba ya yi sakaci, haka ma direban da ya saya ya kai wa wani can ya ɗaura masa.

Akwai kuma rediyon da lafiyarsa lau amma mai shi ya rantse ya lalace. Wasu na asali da ke zuwa da motocin Honda ko Volkswagen suna kulle kansu da zarar an cire kan batir, sai an danna lambar sirri suke buɗewa. Waɗanda aka yi domin Amurka kuwa tsalle suke yi daga 88.1 zuwa 88.3 zuwa 88.5, don haka tashar da ke kan lamba kamar 90.0 ba za su kama ta tas ba. Ba gyara suke buƙata ba, bayani ya kamata a yi wa mai saye kafin ya zaro kuɗinsa.

Ni a ganina mafi yawan ɓacin rai daga bakin mai talla yake farawa. Kwali ya ce wat 1000 ko 2000, mai shago ya ƙara gishiri ya ce har ƙauye na gaba za a ji. Ga lissafin da kowa zai iya yi a tsaye. Juya rediyon ka duba fis ɗin bayansa. In an rubuta 10, to am 10 ke nan. Mota tana aiki wutarta kusan bolt 14 ce. Goma sau goma sha huɗu, 140. Abin da ba zai iya shan wutar da ta wuce wat 140 ba, ta ina zai fitar da dubu? Hatta rediyon kamfani na gaske da aka rubuta wa 50 sau 4, abin da yake ba kowace sifika a tsaye bai cika wuce wat 20 ba. Mutumin da aka cika wa kunne da dubu zai ƙure murya yana neman dubunsa, sauti ya fara karkarwa, sifika ta yi zafi ta ƙone. Wani kuma sai ya sa a jera masa sifika uku ko huɗu a waya ɗaya, nauyin ya fi ƙarfin rediyo, ya mutu. Sai a dawo shago ana neman mai laifi.

Idan mai mota ya dawo a fusace, abu na farko shi ne maigidan shago ya fito da kansa. Turo yaro ya tare shi raini ne, kuma yaron ba shi da ikon cewa za a canza ko ba za a canza ba. A ja shi inuwa, a ba shi benci, a bar shi ya gama maganarsa ba katsewa. Mutumin da ya bar lodi a tasha, ko ya ƙona mai daga wani ƙauyen Sakaba ya zo, asararsa ta riga ta wuce kuɗin rediyo, kuma wannan asarar ce ke magana a bakinsa. "Yi haƙuri yallaɓai, bari mu buɗe a gabanka" ta fi duk wata rantsuwa sanyaya zuciya. Cewa a yi haƙuri ba amsa laifi ba ne.

Sannan a ɗauko mita. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna kusan 12.6, in an tada inji ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ya zarce haka sosai, altaneta ce ke ƙona kayan, kuma ko sabon rediyo aka sa shi ma zai bi ɗan'uwansa. A cire rediyon a jona shi a wani batir a kan tebur. In ya yi magana, matsalar tana cikin mota. In ya yi shiru kuma babu warin ƙuna, babu alamar ruwa, babu wanda ya taɓa wayoyin bayan barinsa shago, to kayan ne marar kyau, kuma mai shago ne zai ɗauka ya bi wanda ya sarar masa. Duk wannan bai kai rabin awa ba, kuma mai mota yana tsaye yana gani da idonsa. Ko da laifin nasa ne, an fi samun sauƙin rabuwa lafiya in an yafe masa kuɗin aiki ya sayi kayan kawai. A gari kamar Dirin Daji direba ɗaya yana magana da tasha guda, kuma kafin la'asar labarin ya kai Zuru.

Abin da ba a so shi ne alƙawarin jeka-ka-dawo. "Dawo ranar kasuwa", "kaya suna hanya daga Onitsha", har wata ya shuɗe. In za a canza a faɗi rana a cika. In ba za a iya ba a mayar da kuɗi, ko a yi yarjejeniya a kan wani kayan.

Masu rubuta "kaya in ya fita ba ya dawowa" a ƙasan rasit su sani wannan rubutun ba ya kare su. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye ta CPC. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka samu da aibi cikin wata uku daga ranar da ya karɓa, ba tare da an ci shi tara ba, kuma mai sayarwa ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Ta kuma ba shi haƙƙin a yi masa aiki mai inganci a kan lokaci, wanda ya haɗa da aikin ɗaurawa. Amma aibin da ya zo da kaya take nufi. Wanda ya wanke mota ya sheƙa wa dashbod ruwa, ko ya juya kan batir, ba shi da abin kamawa. Malaman fiƙihu ma tun da daɗewa sun yi bayanin cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa in ya gano aibin da aka ɓoye masa. A coci ma ba wani abu daban ake koyarwa a kan ha'inci ba.

Gaskiya dai ba kowa ne zai rubuta wa hukuma a Abuja ƙorafi a kan rediyon 'yan dubbai ba, ko da yake ana iya yi ta intanet. A nan gida akwai matakan da suka fi kusa. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tasha, da shugaban masu gyaran wayar mota, da sarkin kasuwa, da mai unguwa, duk suna sasanta irin wannan, kuma sukan kira wani gwanin da ba ruwansa ya duba aikin. In abin ya gagara akwai kotu. Ɗauko ɗan sanda a kan cinikin rediyo kuwa yakan ci kuɗin da ya fi na rediyon, ya bar gaba tsakanin gidaje biyu. Ƙwace kaya a shago da ƙarfi ko kai hannu jikin yaron shago yana mayar da mai gaskiya mai laifi nan take.

Duk inda za a je, abin da za a fara tambaya shi ne shaida, kuma a nan ne masu saye suke faɗuwa. Kada ka bar shago sai an gwada komai a gabanka: tashoshin FM, wurin memori da filas, Bluetooth da wayarka, kowace sifika ita kaɗai, dama da hagu, gaba da baya. Ka sa a tada inji a taka totur, in ka ji wani siririn kuka yana hawa da sauka tare da inji, mai yiwuwa baƙar wayar ba ta kama ƙarfe da kyau ba. Ka zare makulli ka ga ko rediyon ya mutu. Ka ce a nuna maka inda fis yake. Ka leƙa mahaɗar wayoyi, domin wadda aka murɗa da hannu aka naɗe da farin salatif ba za ta jure zafin watan Afrilu da ramukan damina ba. Ka karanta sunan da ke jikin kayan harafi bayan harafi, saboda na jabu sukan canza harafi ɗaya tak. In da hali, wanda ya sayar shi ya ɗaura, don kada gobe mai kaya ya tura ka wurin mai aiki, mai aiki ya dawo da kai wurin mai kaya.

Rasit kuma ya ƙunshi kwanan wata, sunan kaya da lambar da ke jikinsa, sabo ne ko na hannu, kuɗin kaya daban da kuɗin aiki daban, da yawan kwanakin garantin da aka yi alƙawari da baki. In shagon ba shi da littafin rasit, a rubuta a fallen takarda mai shago ya sa hannu, ka ɗauki hotonta da waya, ka ajiye kwalin har wata ukun su cika.