Cikin Da Ya Biyo Bayan Tiyata: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A Kutama da sauran ƙauyukan ƙasar Gwarzo da Kabo, idan aka ce an yi wa wance aiki an ciro jariri, mukan je barka, mu gode wa Ubangiji, a yi suna a watse, shi ke nan mun manta. To, amma ita mahaifa ba ta mantuwa. Bayan ɗinkin da muke gani a fatar ciki, akwai wani ɗinkin a jikin mahaifa wanda ido ba ya gani, kuma shi ne zai ɗauki nauyin cikin da zai biyo baya.

Likitoci sun bayyana cewa yankan mahaifa iri biyu ne. Akwai na kwance, wanda ake yi a ƙasan mahaifa, shi ne aka fi yi. Mai irin wannan tana iya haihuwa da kanta a gaba, muddin a asibiti ne a gaban likita, domin wajen mace ɗaya cikin 200 ce tabon kan yage mata a lokacin naƙuda. Akwai kuma yankan saman mahaifa, wanda haɗarinsa ya ninka wannan sau da yawa, har yakan yage tun naƙuda ba ta kankama ba.

Ko a ƙasashen da suka yi nisa a aikin likita ba a wasa da wannan tabo. A shekarar 1981, a birnin San Faransisko na Amurka, Dokta Michael Harrison ya buɗe mahaifar wata mai ciki, ya yi wa ɗan tayin aiki, ya rufe, cikin ya ci gaba. Har yau, duk macen da aka yi wa irin wannan aiki ba a barinta ta yi naƙuda, a wannan cikin ko a na gaba. Tiyata ake yi mata wajen mako na 37. Galibi haka dokar take ga matanmu masu yankan sama, da wasu daga cikin waɗanda aka cire wa ƙari daga mahaifa.

Saboda haka abu na farko shi ne takarda. Layin da ke fatar ciki ba ya nuna irin yankan da ke ciki, sai bayanin likitan da ya yi aikin. A tambaye shi tun kafin sallama, a adana katin kamar yadda muke adana takardar gona. Na biyu, a ba mahaifa hutu na kimanin shekara biyu kafin sabon ciki. Na uku, a fara awo da wuri. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8, na farko cikin makonni 12 na farkon ciki. A yi hoton ciki kuma, don wani lokaci mabiyiya kan zauna a kan tsohon tabo ko ta tare ƙofar mahaifa, abin da ke jawo zubar jini mai yawa.

Wata matsalar ita ce goyon ciki. Al'ada ce mai kyau, amma idan gidan iyaye na ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, gara a nemi masauki wajen dangi kusa da Babban Asibitin Gwarzo tun ciki na wata takwas. In likita ya tura ta Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, kada a yi jayayya. Kada kuma a ba ta jiƙon naƙuda, ko a kira mai kemis ya yi mata allurar naƙuda a ɗaka. Ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa, zubar jini, jiri, ko jariri ya daina motsi, duk ba na jiran gari ya waye ba ne.

Mu magidanta, namu aikin shi ne tanadin kuɗin mota, lambar direba, da 'yan'uwa biyu ko uku masu ba da jini. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. A tambaya a wurin awo ko asibitin na cikin shirin. Zumuntar Mata da dattawan ikkilisiya su ma za su iya buɗe ɗan asusu domin irin wannan rana, su haɗa har da maƙwabtanmu Musulmi, tun da naƙuda ba ta tambayar addini.

A daina gorin cewa wadda aka yi wa aiki raguwa ce ko mai ƙarancin bangaskiya. Wannan gorin ne ke sa wasu ɓoye naƙuda a ɗaka har a makara. Littafin Farawa sura 35 ya ba mu labarin Rahila, wadda ta rasu a kan hanya wajen haihuwar Biliyaminu, a zamanin da babu asibiti. Mu kuwa Allah ya ba mu. Mu yi addu'a, mu kuma ɗauki katin awo mu tafi. Ubangiji ya sauki matanmu lafiya, amin.