Jini da kaluluwa: mu gane maganar anfirme

Ƴan'uwa manoma, maza da mata,

Da yawa cikinku kun gama ajin yaƙi da jahilci, kuna karatu da rubutu. Amma in kun je likita, sai anfirme ya faɗi kalmomi na Faransanci, ya rubuta cikin karne, mutum ya komo gida bai san abin da ke damun ɗansa ba. Yau za mu warware muku kalmomin da suka shafi jini. Mun zaɓi wannan lokaci don da damana ne jinin yara da mata masu ciki ya fi raguwa: rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, aiki ya yi nauyi.

Abin da ke cikin jini

Babban mutum yana da jini kamar lita 5. Cikin ɓargon ƙashi ake yin sa. Abu uku ke yawo cikin ruwansa. Na farko gulobil ruj, wato jajayen ƙwayoyi. Su ke ɗauko iska daga huhu su kai ta ko'ina cikin jiki, kuma kowace tana rayuwa kwana 120. Abin da ke ba su ja shi ne emogulobin, wanda ake rubutawa Hb cikin karne. Na biyu gulobil bulan, fararen ƙwayoyi, masu yaƙi da cuta. Na uku pulaket, su ke tsai da jini in lauje ya yanke ka.

Anemi, wato ƙarancin jini

Kun san yadda ake buɗe idon rago a kasuwa a duba ko yana da jini. Haka za ku yi wa yaro. Ku ja fatar idonsa ta ƙasa, ku duba harshe da tafin hannu. In sun yi fari, yaro yana haki, ba ya wasa, to jini ya ragu. In anfirme ya ce Hb ta kasa 7 ga ƙaramin yaro ko mai ciki, abin ya yi tsanani, kada ku ƙi in an tura ku babban asibiti.

Masassarar cizon sauro ita ce babbar ɓarauniyar jini, tana fasa jajayen ƙwayoyi. Sai tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa a ƙasa mai laima, ta maƙale a hanji tana shan jini. Sai tsargiya, wadda yara ke ɗauka wajen wanka a tabki da magudanan noman rani, su riƙa fitsari da jini. Sai kuma abinci maras sinadarin ƙarfe, wanda likitoci ke ce wa fer.

Maganin da yawa yana gonarku. Kada ku sayar da wake duka da kaka, ku bar na gida. Ku sa zogala, hanta, nama da fara cikin abincin yara. Tumatir da lemun tsami suna taimaka wa jiki ya karɓi ƙarfe, shayi bayan abinci kuwa yana hana shi. Mai ciki ta je awo, ta shanye jajayen ƙwayoyin da aka ba ta ko da bayan gida ya yi baƙi, wannan ba cuta ba ce. Kowa ya kwana cikin sange. In masu rabon maganin masassara na damana sun zo, ku fito da yara daga wata 3 zuwa shekara 5. Wanda jininsa ya ragu kuwa, kada a kai shi wanzami ya yi masa ƙaho. Ba a ɗibar hatsi a rumbun da ya kusa ƙarewa a zubar.

Emasi

Wannan gado ne, ba maita ba ce, kuma ba a ɗaukarta wajen wani. Ƙwayoyin mai emasi suna lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, ƙashi ya yi ta ciwo. Ba su wuce kwana 10 zuwa 20 sun mutu. Mai AS lafiyarsa lau, amma yana ɗauke da iri. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, mai ciwon. Manomi yana zaɓen iri tun kafin shuka, haka ya kamata a yi gwajin jini tun kafin a kai sadaki. Yaro mai SS a ba shi ruwa da yawa, a kare shi daga sanyin hunturu, a kai shi likita da zarar jikinsa ya yi zafi.

Lanf da kaluluwa

Ban da jini, akwai wani ruwa fari-fari mai suna lanf. Shi ke kwashe rarar ruwan jiki ya mai da shi cikin jini, kamar magudanar da ke janye ruwa daga gonar shinkafa. A kan hanyarsa akwai ƴan ƙulle-ƙulle a wuya, hammata da matsematsi, suna tace cuta kamar rariya. Su ne gangiliyon. In ƙaya ta soke ka ƙafa ta ruɓe, sai su kumbura, mu ce kaluluwa ta fito. Wannan tana sacewa in miki ya warke. Amma wadda ta wuce mako 3, tana girma, ga rama da zufar dare, kada a tsaga ta. Tana iya zama tarin fuka ko ciwon daji, sai likita.

Akwai kuma tsutsa da sauro ke sakawa, ta toshe hanyoyin lanf. Ita ke kawo tundurmi da wata irin gwaiwa. Mai tundurmi ya wanke ƙafar da sabulu kullum, ya tsane ta, ya ɗaga ta in zai kwanta. Gwaiwa kuwa ana yi mata aiki a asibiti ta warke, ba abin kunya ba ne.

Daga ƙarshe, in lokotoro ya nemi jini don matarka ko ɗanka, kada ka gudu. Abin da za a ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Ku karanta wa waɗanda ba su iya ba. Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.